Randar da Aka Binne a Ƙasa: Tarihin Ruwan Inabin Ƙasar Jojiya

Kalmar nan ruwan inabi ba baƙuwa ba ce a kunnuwanmu. Mun ji ta a labarin Nuhu, mun ji ta a bikin auren Kana, muna kuma jinta duk ranar da aka shirya teburin Jibin Ubangiji. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa a cikin gonar inabi, ko da yake yanzu manoman Kudan, kusa da Zariya, suna nomansa. Mun fi sanin dawa, da acca, da gero, da doya. Saboda haka a wannan karo za mu tafi wata ƙasa mai nisa, inda kurangar inabi take kamar yadda dawa take a wurinmu, wato abin da kowane yaro yake tashi ya tarar a bayan gidansu. Sunan ƙasar Jojiya.

Tun da fari bari mu faɗi abu ɗaya a fili. Da yawa daga cikin ikkilisiyoyinmu suna koya wa mabiyansu su guji duk abin sha mai bugarwa, mun kuma ga da idanunmu gidajen da buguwa ta rushe. Ba kiran kowa muke yi ya sha ba. Tarihi za mu bayar na wata ƙaramar al'umma mai harshen kanta, wadda manyan dauloli suka yi ta tattakewa shekaru aru-aru, duk da haka ta riƙe abin da kakanninta suka bar mata. Tambayar da za mu bi ita ce, a hannun wa wannan gādo ya tsira?

Ƙasar da mutanenta

Akwai wata jiha a Amurka mai suna Jojiya, amma ba ita muke nufi ba. Wadda muke magana a kanta tana tsakanin Bahar Aswad da manyan duwatsun Kokasus. Rasha tana arewa da ita, Turkiyya da Armeniya suna kudu, Azarbaijan kuma tana gabas. Ƙasar ba ta kai jiharmu ta Neja faɗi ba, mutanenta kuwa ba su kai miliyan 4 ba. Babban birninta Tibilisi. Su da kansu suna kiran ƙasarsu Sakartvelo. Harshensu ba ɗan'uwan Rashanci ba ne, ba kuwa na Turkanci ko Farisanci ba, suna kuma da nasu haruffa 33 waɗanda suke rubutu da su har wa yau.

Gabashin ƙasar, inda lardin Kakheti yake, wuri ne mai rana da ƙarancin ruwan sama, kuma a nan ne wajen kashi 70 cikin 100 na gonakin inabin ƙasar suke. Yammacinta, wajen teku, wuri ne mai laima da yawan ruwa. A can mutanen dā sukan bar kuranga ta hau kan itatuwa domin kada 'ya'yanta su ruɓe a ƙasa.

Tsofaffin tukwane

A shekara ta 2017 wata ƙungiyar masana, wadda Patrick McGovern na Jami'ar Pennsylvania yake cikinta, ta bayyana sakamakon binciken da ta yi a kan fasassun tukwane. An tono su a kufayin ƙauyuka biyu, Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, wajen kilomita 50 kudu da Tibilisi. A jikin tsingaron an sami alamar wani tsami wanda 'ya'yan inabi suke bari. Masanan sun ƙiyasta cewa an yi tukwanen wajen shekara 6000 kafin haihuwar Almasihu. Kafin wannan, shaidar da ta fi daɗewa ita ce wadda aka samu a Hajji Firuz, a ƙasar Iran ta yau. Waɗansu daga cikin tukwanen manya ne masu iya cin lita 300.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna cewa littafin Farawa ya ce jirgin Nuhu ya tsaya a kan duwatsun Ararat, Nuhu kuma ya dasa gonar inabi bayan ruwan tsufana. Dutsen da ake kira Ararat a yau yana gabashin Turkiyya, kudu da Jojiya. Mutanen wannan yanki duka, Armeniyawa da 'yan Jojiya, suna alfahari da wannan kusanci.

Yadda ake aikin randa

Abin da ya bambanta Jojiya da sauran ƙasashe shi ne wata babbar randa ta yumɓu da suke kira kwebri. Siffarta kamar ƙwai, gindinta mai tsini, don haka ba ta iya tsayawa da kanta. Akan haƙa rami a binne ta har wuya, bakinta kawai yake a waje. Akwai ƙanana masu cin lita kaɗan, akwai kuma manya masu cin lita 1,000 ko 2,000 ko fiye, waɗanda mutum yakan sauka cikinsu da tsani idan zai wanke su. Maginin tukwane yakan ɗauki makonni yana ɗora yumɓu kaɗan-kaɗan, yana jira ya sha iska kafin ya ƙara. Bayan an gasa ta akan shafe cikinta da kakin zuma tun tana da ɗumi. Ɗakin da ake binne randunan sunansa marani, kuma a ƙauyukan dā da wuya ka sami gida mai mutunci wanda ba shi da nasa.

Girbi yakan zo a watan Satumba da Oktoba. Suna kiransa rtveli, kuma aikin gayya ne, dangin da suke birni sukan komo gida domin sa hannu. Akan zuba inabin a cikin dogon komi da aka sassaƙa daga gungumen itace, a tattake shi da ƙafa. A Kakheti akan juye ruwan cikin randa tare da ɓawo, da ƙwayoyin ciki, da tsinkayen. Ba a sa masa yisti daga waje, wanda yake jikin ɓawon ya isa. Cikin 'yan kwanaki sai ya fara kumfa, ɓawon ya taso sama, ana ta danna shi ƙasa da sanda sau da yawa a rana. Sanyin ƙasar da ta kewaye randar shi yake hana shi yin zafi fiye da kima. Idan kumfar ta kwanta, sai a rufe bakin da faifan dutse ko katako, a liƙe da laka, a bar shi dukan hunturu. Mutanen Jojiya suna kiran ɓawon nan uwa, sukan ce an bar ruwan inabin a wurin uwarsa. A watan Maris ko Afrilu a buɗe. Ƙwayoyin sun riga sun taru a tsinin gindi, ɓawon ya kwanta a kansu, tataccen ruwa kuma yana sama.

Ba dukan inabin yake zama abin sha ba. Mata sukan dafa ruwansa da gari har ya yi kauri, su tsoma zaren da aka jera wa wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, su rataye ya bushe. Sunan wannan alewa churchkhela, takan daɗe ba ta lalace ba, matafiya da mayaƙan dā sukan yi guzurinta.

Nino da gicciyen kuranga

A farkon ƙarni na huɗu wata mace mai suna Nino ta iso Mtskheta, babban birnin ƙasar a lokacin. Bisa ga tarihin ikkilisiyar Jojiya daga Kafadokiya ta fito. Ta yi addu'a domin Sarauniya Nana wadda take ciwo, ta warke, daga baya kuma Sarki Mirian ya karɓi bangaskiya. Wani marubuci mai suna Rufinus ya rubuta labarin wajen shekara ta 400, ya ce baiwa ce wadda aka kamo, bai ma ambaci sunanta ba. Wannan ya faru kusan lokaci ɗaya da tuban Sarki Ezana na Habasha, saboda haka ƙasashen nan biyu suna cikin na farko a duniya da suka karɓi bangaskiyar Kirista a matsayin ta ƙasa.

Ana ba da labari cewa Nino ta ɗauki rassan kurangar inabi biyu, ta ɗaure su da gashin kanta, ta yi gicciye. Hannuwan gicciyen sun ɗan sunkuya ƙasa, kamar yadda reshen kuranga yake. Wannan siffa ita ce alamar ikkilisiyar Jojiya har yau, gicciyen da ake cewa nata ne kuma yana ajiye a majami'ar Sioni a Tibilisi. A ƙarni na biyar sun riga sun fara rubutu da haruffansu, suna kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshensu.

Daga nan kuranga da ikkilisiya suka yi tafiya tare. Magina suka sassaƙa ganye da 'ya'yan inabi a bangon majami'u. Gidajen masu zaman zuhudu suka zama wuraren noma da koyarwa. An kafa na Alaverdi a ƙarni na shida, aka gina babbar majami'arsa a ƙarni na 11. A Ikalto, inda aka yi makaranta a zamanin Sarki Dauda Mai Gini, wanda ya yi mulki daga 1089 zuwa 1125, har yanzu ana ganin tsofaffin randuna a filin. Talakawa kuma suna da wata al'ada mai suna zedashe. Maigida yakan keɓe randa ɗaya, ya cika ta da mafi kyaun abin da gonarsa ta bayar, ba a taɓa ta sai domin sujada da ranakun idi. Mu da muke kawo nunan fari a ranar godiyar kaka ba za mu rasa gane wannan ba.

Shekarun takobi

Ƙasar da take kan hanyar manyan dauloli ba ta samun hutawa. Rumawa da Farisawa sun yi ta ja-in-ja a kanta. Larabawa sun riƙe Tibilisi shekaru masu yawa. Mongolawa suka zo a ƙarni na 13. Timur ya kawo mata yaƙi har sau takwas tsakanin 1386 da 1403. Tsakanin 1614 da 1617 Shah Abbas na Farisa ya ragargaza Kakheti, ya kwashe dubun dubatan mutane zuwa ƙasarsa, inda jikokinsu suke har yanzu a yankin Fereydan. An kashe Sarauniya Ketevan ta Kakheti a birnin Shiraz a 1624 domin ta ƙi barin bangaskiyarta.

Mai kawo yaƙi ya sani idan ya sare gonar inabi ya karya manomi, gama sabon dashe yakan yi shekara uku ko huɗu kafin ya ba da amfani. Amma randar da take cikin ƙasa ba ta ɗaukuwa, wuta kuma ba ta cinta. Idan ƙura ta lafa, waɗanda suka tsira sukan sauko daga duwatsu, su share toka, su tarar da randunansu, su sāke dashe. Tsofaffinsu suna ba da labari cewa mayaƙi yakan ɓoye ɗan reshen kuranga a cikin rigarsa, domin in ya faɗi a fagen fama ta tsiro a wurin. Ko a tsakiyar ƙarni na 20 wannan tunani bai gushe ba. Gunkin tunawa na Uwar Jojiya, wanda aka kafa a kan tudun Tibilisi a 1958, yana riƙe da ƙwaryar ruwan inabi a hannun hagu domin baƙo, da takobi a hannun dama domin maƙiyi.

Rasha, da kwalba, da ƙwaro

A 1783 sarkin gabashin Jojiya ya nemi kāriyar Rasha. A 1801 Rasha ta haɗiye gabashin ƙasar, a 1811 kuma ta soke 'yancin ikkilisiyar Jojiya, aka shigo da harshen sujadar Rasha a manyan majami'u. A wannan zamani ne hanyar Turai ta shigo. Wani basarake mai suna Aleksandre Chavchavadze, wanda ya rasu a 1846, ya fara yin ruwan inabi a gandunsa na Tsinandali yadda ake yi a Faransa, wato a raba ruwan da ɓawon tun da wuri, a ajiye a gangunan katako, sa'an nan a ɗura a kwalba. Tun daga lokacin hanyoyi biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasar, ta Turai da ta randa.

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya fito daga Amurka ya lalata gonakin Faransa, ya iso Jojiya. Saiwa yake ci, kuranga ta bushe tana tsaye. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro da lemo. Akan ɗauki saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a aura mata reshen inabin gida. Da haka aka ceci gonaki da yawa, amma waɗansu tsofaffin ire-ire sun kusa ɓacewa.

Zamanin Sobiyet

Jojiya ta sami 'yanci a 1918, amma a watan Fabrairu na 1921 sojojin Sobiyet suka shiga Tibilisi. Aka ƙwace manyan gonaki, aka tara manoma a gandayen gwamnati, aka rufe majami'u da gidajen zuhudu masu yawa. Abin da hukuma take so shi ne yawa. Ƙasar tana da ire-iren inabi fiye da 500, amma masu tsara aiki suka zaɓi kaɗan waɗanda suke jure sanyi suna kuma ba da 'ya'ya da yawa, musamman Rkatsiteli da Saperavi. Aka gina masana'antu masu tankunan ƙarfe, jiragen ƙasa suna ta jigila zuwa Mosko. Mutanen Rasha sun fi son mai zaƙi-zaƙi, don haka Khvanchkara da Kindzmarauli suka yi suna a dukan Tarayyar Sobiyet. Stalin kansa ɗan Jojiya ne, haifaffen garin Gori.

A nan ne amsar tambayarmu take. Doka ta bar wa kowane manomi ɗan fili a bayan gidansa. A waɗannan 'yan filaye ne aka ci gaba da renon ire-iren da hukuma ta yar. Kaka yana da kuranga biyu ko uku waɗanda shi kaɗai ya san sunansu, yana nuna wa jikansa yadda ake datse reshe, da yadda ake goge cikin randa da ɓawon itace, da lokacin da ya kamata a rufe bakinta. Ba a sayar da wannan ruwan inabi a kanti, ba ya kuma cikin lissafin gwamnati. Na biki ne, da jana'iza, da karɓar baƙo. A teburin da suke kira supra akan naɗa dattijo ɗaya, tamada, shi yake jan magana bi da bi, a yi fatan salama, a tuna da iyaye da waɗanda suka rasu, a sa wa yara albarka. A al'adarsu abin kunya ne tamada ya bugu.

A 1985 Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar da yaƙi da shaye-shaye, gama buguwa ta zama annoba a Tarayyar Sobiyet. Matsalar ta gaskiya ce, amma a cikin aiwatarwa aka tumɓuke gonakin inabi masu yawa. Jojiya ta sāke samun 'yanci a 1991, sai yaƙin basasa da talauci suka biyo baya. Kafin farkon shekarun 2000 faɗin gonakin inabin ƙasar ya ragu da fiye da rabi.

Ƙofar da aka rufe a 2006

Ko bayan 'yanci, fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan inabin da Jojiya take fitarwa Rasha yake tafiya. Jabu kuma ya cika kasuwa, ana liƙa sanannun sunaye a kan kwalaben da ba su cancanta ba. A watan Maris na 2006 Rasha ta hana shigar ruwan inabin Jojiya, ta ce ba shi da tsabta. Mutanen Jojiya suka ce siyasa ce, gama dangantakar ƙasashen biyu ta riga ta yi tsami, har suka gwabza yaƙi a watan Agusta na 2008. Manoman Kakheti suka rasa mai sayen inabinsu, kamfanoni da dama suka durƙushe.

Wahalar ta tilasta musu neman sababbin kasuwanni, waɗannan kuwa inganci suke nema. Sai aka waiwayi abin da yake bayan gida. Tun a shekara ta 2000 wani sanannen manomin inabi na Italiya, Josko Gravner, ya ziyarci ƙasar, ya koma gida ya fara aiki da randunan Jojiya. Masu zuhudun Alaverdi suka gyara tsohon maraninsu. Matasa suka shiga ƙauyuka suna tambayar tsofaffi sunayen ire-iren da suka rage a kan shinge da bangon gida, aka kuma tara ɗaruruwansu a gonar gwaji ta Jighaura. A 2013 Rasha ta janye haramcin, a watan Disamba na shekarar kuma hukumar UNESCO ta sa hanyar randa a cikin jerin al'adun da suka zama gādon duniya. A 2021 ƙasar ta fitar da kwalabe miliyan 107 zuwa ƙasashe 62, amma fiye da rabinsu Rasha suka sāke tafiya.

Ire-iren da ƙasar take yi

Za mu iya kasa su kashi huɗu. Na farko shi ne fari irin na Turai, mara zaƙi, mara nauyi, kamar Tsinandali, wanda ake haɗawa daga Rkatsiteli da Mtsvane. Na biyu shi ne na randa, wanda ake yi da farin inabi amma a bar shi da ɓawonsa watanni. Launinsa yakan koma kamar zuma, yana da bauri a harshe kamar shayi mai ƙarfi. A Kakheti akan sa ɓawon duka, a lardin Imereti na yamma kuwa kaɗan ake sawa, don haka nasu na Tsolikouri da Tsitska ya fi sauƙi. Na uku shi ne ja mara zaƙi daga Saperavi. Ma'anar sunan ita ce rini, domin har naman cikin ɗan inabin ja ne, ba ɓawon kaɗai ba. Mukuzani, wanda ake ajiyewa a gangar katako, daga shi ake yi. Na huɗu shi ne mai zaƙi-zaƙi. A duwatsun Racha sanyi yakan sauko da wuri ya tsayar da kumfar kafin zaƙin inabin ya ƙare, haka Khvanchkara ya samo asali. A yau injin sanyaya yake yin wannan aiki.

Ko da yake randa ce ta ba ƙasar suna a duniya, ƙaramin kashi ne na abin da ake sayarwa yake fitowa daga cikinta. Iyalan da suka iya gina ta kuma 'yan kaɗan ne, a ƙauyuka kamar Vardisubani da Shrosha.

'Yan'uwa, sarakuna sun gina majami'u, an rufe su. Gwamnati ta gina masana'antu, sun yi tsatsa. Da ranar bukata ta zo, abin da ƙasar ta koma ta dogara a kai shi ne abin da talakawa suka ci gaba da yi a gidajensu sa'ad da ba mai yaba musu. Mu ma muna da irin wannan ajiya, wato harshen da kakanninmu suka yi magana da shi, da irin acca da dawa na gida, da sunayen itatuwa da magungunan daji, da sana'ar hannu. Ba wata hukuma da za ta adana mana su. Idan yaro bai ji su daga bakin iyayensa ba, a wurin wa zai ji? Bari kowane maigida da uwargida su duba abin da yake binne a gidansu, su nuna wa yara tun tsofaffin da suka san shi suna da rai.